Asabar a Bakin Rafin Kanya

Litinin zuwa Juma'a ni direban tifa ne.
In hau da kwal daga bakin rami,
in dawo fanko, tofina baƙi.
Kuɗin nan ne ya rufa mini ɗaki da kwano,
ya kai 'yata aji uku a Kumo.
Ba zan ɓoye ba don a ce ni na kirki ne:
da hannun da na ɓata nake gyarawa.

Rafin Kanya, na san ka tun ina tsirara.
A gindin dutsen can muka kama tarwaɗa
ni da Yila, muka gasa da gishirin sata.
Yau ka yi ja kamar an wanke tsohuwar garma,
ƙasanka baƙi, samanka maiƙo.
Saniyar Bappa Manga ta sunsuna, ta ɗaga kai,
ta dube mu, ta juya,
ta gwammace ƙishirwa.

Adda Yelwa ce ta fara, ba da jawabi ba.
Farin zanenta ta wanke a rafi,
ya fito kamar tofin goro,
ta shanya shi a ƙofar Jauro kwana uku,
ba ta ce uffan ba.
Ran na huɗu muka zauna, mu goma sha bakwai,
masu zuwa masallaci da masu zuwa majami'a
a tabarma ɗaya, don maƙoshi ba ya tambayar suna.
Ɗari bibbiyu kowane mako, Lamela ke rubutawa.

Asabar gayya.
Mu turo dutsen farar ƙasa a amalanke,
mu jera a bakin magudanar da ke zubo tsami.
Buhun yashi kan buhun yashi a wuyan kwazazzabo.
Mata na dasa jema layi-layi,
saiwarta in ta kama ƙasa ba ta saki.
Yara da gwangwani, kowa da dashensa,
wannan gawo, wancan ɗinya,
har faɗa suke a kan na wa ya fi girma.
Azahar, kunun tsamiya da ruwan rijiyar nesa,
kofi ɗaya ke zagayawa.

Ruwan Agusta ya zo a dare ɗaya,
ya kwashe buhu tamanin, ya bar mana sawunsa.
Awaki suka gama da ɗinya arba'in.
Mutum shida suka daina zuwa.
Wasiƙarmu ta yi wata biyar a ofishin kamfani,
amsar layi ɗaya: ana dubawa.

Yila ya tare ni a wajen mai shayi:
"Kai ke zubarwa, kai ke kwashewa.
Kwana biyar na ɓarna, ɗaya na gyara,
yi mini lissafin, Ɗantani."
Na kurɓi shayi, ya ƙona ni.
Ban da amsa.
Asabar ta zo, na gan shi da shebur
can ƙarshen layi, yana tona yana mita,
bai dube ni ba, ni ma ban yi masa dariya ba,
muka yi ta haƙawa.

Bana, bayan girbin wake,
ɗan Lamela ya rugo yana haki,
tafin hannunsa a haɗe, ruwa na ɗiga.
Ciki 'ya'yan kwaɗi uku, baƙaƙe, masu wutsiya.
Adda Yelwa ta sunkuya ta ƙirga da yatsa,
ta sake ƙirgawa,
ta ce, "Mayar da su, maza, kafin su ji mu."
Mazari ɗaya ya sauka kan jema,
ya tsaya cak kamar mai karɓar gaisuwa.

Har yau ba wanda ke sha.
Zanen nan na nan a akwati, jan bai fita ba.
Jibi Litinin, zan tayar da tifa da asuba,
in bi ta kan gada, in rage gudu,
in leƙa ƙasa
ko da mai motsi a cikin ruwa.