Daga Kanti Zuwa Kogi

Shekara ashirin da uku ina kan benci
a kantina na Mai Wurno, bakin titi,
ina auna wa jama'a sukari da gwangwani.
Ashe shi ma yana auna ni a ɓoye:
cokali uku a kofi, kofi biyar kafin la'asar,
bashin da ban taɓa rubutawa a littafi ba.

Ƙishirwa ta fara zuwa, ba ko sallama,
sai zaryar bayi, sau huɗu kafin asuba.
Ido ya riƙa ganin hazo da rana tsaka,
tafin ƙafa ya zama kamar na aro.
Sittana ta ce, "Gobe Sinnar, kuma ban da gardama."

Likitar yarinya ce, sa'ar 'yata Ikilima.
Ta soki yatsana, ta dubi lamba, ta dube ni.
"Baba Ɗahiru, ga ƙwaya, ga abin ragewa a kwano.
Sauran maganin ba a kantin magani yake ba,
da shi ka shigo ɗakin nan, guda biyu.
Sa musu takalmi mai taushi, ka fita da su."

Na yi dariya a mota.
A gida na yi shiru.

Don kakana da ƙafa ya iso garin nan,
daga ƙasar Hausa, ta Wadai, ta Darfur,
da buta, da sanda, da jaki mai ɗingishi,
damina uku tana riskarsa a hanya.
Ni kuwa jikansa, kasuwa ga ta ga hancina,
sai na tsare raksha ta kai ni.

Ranar farko darbejiyar makaranta na kai,
na zauna ina haki kamar zugazugi.
Wani kare ya dube ni, ya wuce abinsa.
Na dawo na ce wa Sittana, "Na gama."
Ta ajiye takalman a bakin ƙofa,
inda dole in yi tuntuɓe da su da asuba.

Mako biyu, na wuce darbejiya.
Wata guda, ga ni a lambun mangwaro,
dabino uku a aljihu saboda ranar jiri,
gorar ruwa a hannu, carbi a ɗayan.
Da dare in haska ƙafa da tocila,
in duba tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya,
don na ga abin da ƙaya guda ta yi wa Jibrilla,
wanda yanzu ƙafarsa ta dama yatsu huɗu gare ta.

Barci ne ya fara dawowa,
ya shigo kamar ɗan da ya daɗe a ci-rani.
Sai wando ya nemi a ƙara ɗaure mazagi.
Sai gwiwa ta daina ƙara a sujada.
Fushin da nake yi wa yara kan canji,
ban san a wace kwana na yar da shi ba.

Ranar da na kai bakin Nilu
masunta suna jan koma, gari bai gama wayewa ba.
Na tsaya inda na san kakana ya tsaya,
ban yi haki ba.
Na ɗebi ruwa na wanke fuska,
kada su gane abin da ya jiƙa ta.

Likita ta ga lamba ta sauko, ta ce, "Ci gaba."
Ba ta ce na warke ba, ni ma ban ce ba.
Ciwon yana nan, maƙwabci ne,
sai dai yanzu ni ke riƙe da makullin zaure.

Har yau ina sayar da sukari, abincina ke nan.
Amma in na ga mai tumbi ya miƙo kwano,
sai in auna masa, in ce, "Gobe bayan sallar asuba,
ina jiranka a gindin darbejiya."

Mu huɗu ne yanzu.
Jibrilla ne ke baya, da sandarsa,
shi ya fi kowa surutu.