Takardar Rabin-Dare

Ya iso Zariya a bayan tirela, ran wata Laraba,
takardarsa a aljihun direba:
sunan uwa, sunan uba, har kaka bakwai.
Ni Tanimu da zan kwashe masa kashi
ko shekarar haihuwata ban sani ba.

Kwana tara ya ƙi harawarmu.
Ya shinshina dusa, ya kau da kai
kamar baƙon da ya raina tuwo.
Sai da na kwana a barga ina tauna gero a kunnensa,
sannan ya yarda a ci tare.

Kullum asuba mu gangara Kubanni,
ruwa iya gwiwa, don jijiya ta yi ƙwari.
Masu wanki suka sa masa Rabin-Dare,
sunan takarda ya fi ƙarfin harshenmu.

Sukuwar farko ya zo na huɗu.
Alhaji Mamuda bai ce uffan ba, ya dai ɗaga gilashin mota.
Ta biyu, Talle ya kwanta kan geza,
a kwanar ƙarshe ya sakar masa linzami,
ƙasa ta naɗe ƙarƙashin kofato kamar tabarma.
Na yi ihu har hulata ta faɗi.
Ban same ta ba har yau.

Sha ɗaya ya ciyo, Kano, Katsina, har Maraɗi.
Kofunan suna falon Alhaji.
A hoton da aka ɗauka
hannuna kaɗai ya fito, riƙe da ragama.

Shekara ta biyar, an kwana ana ruwa, fili ya yi santsi.
Na ce a bari.
Wa ke jin ta bakin ɗan barga?
Saura taku ɗari na ji ƙas,
kamar an karya rake.
Da ƙafa uku ya ƙarasa layi,
ba wanda ya sa shi.

Likitan Samaru ya ce zai rayu, gudu kam ya ƙare.
Alhaji ya sayo wani ja, wanda takardarsa ta fi tsawo.
Ni aka bar wa gurgu
a madadin albashin wata shida.

Yanzu yana turke bayan ɗakina a Tukur-Tukur.
Ran sukuwa, in iska ta kwaso ihun fili,
kunnuwa su miƙe, ya tona ƙasa da ƙafar mai lafiya.
In dafa wuyansa in ce, "Sun tashi."
Mu ƙirga tare,
shi da numfashi, ni da yatsu.

Takardar tana ƙasan akwatina.
Gara ta cinye kakanni uku.