Ɗari Huɗu da Sha Biyu

Ƙarfe uku na dare a Tibilisi,
kogi na gunaguni a ƙarƙashin gada.
Ni Otar mai burodi na hura tanderu,
na jingina da buhun fulawa,
na ciro wayar da jikata Tamta ta cusa mini.

Tsohuwar manhajar da na saba da ita ta mutu.
Ba zazzaɓi, ba jinya.
Shekara tara tana kawo mini labarai har bakin tanderu,
wata safiya kawai ta ce: mun gode, mun rufe.

Tamta ta ce, Kaka, ga uku nan, gwada ka zaɓa.

Ta farko 'yar kwalliya ce,
hotuna manya-manya kamar tagar kantin attajirai.
Na shafa ta da yatsa mai ƙullu,
ta nuna mini agogon zinariya da otal a bakin teku.
Na ce, baiwar Allah, ba ki san ni ba.

Ta biyu ta rantse ta san ni.
Sau ɗaya na taɓa labarin farashin alkama,
kwana uku ba ta ba ni komai ba sai alkama:
alkamar gabas, alkamar yamma,
ƙwaron alkama, jirgin alkama.
Mai burodi ma yana da abin da ke hana shi barci
wanda ba a niƙa shi.

Ta uku ba ta da ado.
Farin shafi, baƙin rubutu,
da gurbi ɗaya mai tambaya: labarin ina kake so?
Na daɗe ina kallon garwashi.
Sannan na rubuta Saloniki.
Can 'yata Eteri take, uwar Tamta,
shekara shida tana juya wata tsohuwa a gado,
tana ba ta miya da cokali,
tana aiko mana da kuɗin haya.

Yanzu na san ranar da direbobin bas ke yajin aiki a can,
na san unguwar da aka ɗauke wa ruwa ran Talata,
na san iska ta kayar da bishiya kusa da tashar jiragen ruwa.
Fassarar tana ɗingishi, ina riƙe mata hannu.
Sunan Eteri bai taɓa fitowa ba.
Kullum sai na neme shi,
ina roƙon Allah kada in gan shi.

A kusurwa akwai jar lamba:
ɗari huɗu da sha biyu, ba a karanta ba.
Jiya ɗari uku ne.
Kumbura take kamar ƙullun da aka manta a kwano.
Tamta ta nuna mini maɓallin "an karanta duka".
Dannawa ɗaya, a share kowa.
Na ƙi.
Ban saba cewa na ci abin da ban tauna ba.

Ƙauri ne ya dawo da ni.
Burodi shida sun yi baƙi a bangon tanderu.
Na kife wayar a kan buhu, na ɗauki ƙugiya.

Gari na wayewa, Tsiala ta leƙo ta taga
da tsabar kuɗi a tafin hannu.
Ta shaƙi hayaƙi, ta dube ni, ba ta yi dariya ba.
Ta ce, Otar, ina labari?

Na ƙanƙare gawayin da wuƙa,
na miƙa mata mai dama-dama,
na ce, sai alheri.