Binne a Sama

A ɗakin karatu na Dundaye, fanka ta tsaya tun la'asar,
na buɗe takardun mutanen wata ƙasa
inda duwatsu ke sanye da farar hula rabin shekara.
Sun ce idan sanyi ya kama
sukan hau kafaɗar dutse su kunna murhu,
hayaƙi mai garin azurfa ya bi iska ya shiga gajimare.
Kowace ƙwaya ta tara laima a jikinta,
ta yi nauyi, ta sauko fara, sakwat kamar auduga.
Dutse ya riƙe ta, rumbu ne marar ƙofa,
sai zafi ya zo da mabuɗi
koguna su ci daga ciki har wata shekara.

Na ɗaga kai na duba taga.
Ƙasarmu shimfiɗe take kamar faifai,
tudun da ya fi tsawo, akuya na hawansa tana tuƙa.
Ƙanƙararmu kuwa a buhu take zuwa, bayan babur,
a fasa ta da guduma a zuba wa zoɓo.
Watannin sanyinmu sama wankakkiyar ƙwarya ce,
ko tsumman gajimare babu.
Me zan shuka wa? Ina gonar?

Ran Asabar na sauka Kwalkwalawa.
Rima ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta,
Baba Arzika na jan igiyar inji, inji na tari,
albasa ta sunkuyar da kai a fangali.
Na ba shi labarin murhu da azurfa.
Ya goge hannu a gefen riga ya ce,
"Mi kika ce, Kulu? Shuka a sama?
Ai binne ne wanga, ɗiyata.
Mu ma mukan zuba gero a busasshiyar ƙasa
mu koma gida mu kwanta da kunne ɗaya a buɗe.
Wata shekara ya tsira, wata shekara zabi su gode."

Na ce masana ma ba su gama gardama ba.
Wasu sun ce an ƙaru da kashi biyar, wasu goma,
wasu sun ce a dakata:
wa ya auna ruwan da zai zo ko ba a roƙe shi ba?
Hadari ba ya dawowa a sake gwada shi.
Na ce a ƙasashe masu zafi irin tamu
gishiri ake watsa wa hadarin damina daga jirgi.
Ya yi dariya har tarinsa ya haɗu da na inji:
"Ashe hadari ma sai da lasa, kamar saniya."

Can sai ya yi shiru, ya kalli yamma.
"In kun tatse ta a nan,
mi za ta kai wa mutanen Argungu?
Ƙanwata na can, ita ma shinkafa gare ta."
Na juya takarduna, shafi ɗari uku da wani abu,
ba su amsa masa yadda zai gamsu ba.

Da na dawo na rubuta a littafina:
ba mu da dutsen da zai yi mana ajiya,
rumbunmu Goronyo ne, laka na cin cikinsa,
rana na shan samansa ba sallama.
Ba a tatsar saniyar da ba ta zo ba.
A fara da yashe abin da muke da shi,
a toshe bakin kwatar da ke yoyo tun ina firamare,
sannan a ɗaga kai.

Amma ban rufe babin gajimare ba.
Na kafa mazurarin awo goma sha ɗaya
daga Wurno zuwa Wamakko,
ɗaya a gonar Baba, kan turken da ya sassaƙa da kansa.
Yanzu kowace asuba shi ke fara leƙawa.
Jiya ya aiko mini saƙo a bakin direba:
"Ki rubuta, babu komi ciki sai gizo-gizo,
amma iska ta juya."