Takardu Uku na Yayana Ilu

Ta farko 'yar ƙarama ce,
ba ta rufe tafin hannu ba.
A kwanar Gujungu aka miƙa masa, ranar kasuwa,
rana ta take, hanya ta cika ta batse,
shi kuwa ya taho da mota kamar an koro shi,
mutum tara a ciki, biyu a but,
buhun riɗi uku da akuya a kan rufi.
Ya sha gaban tirela inda ba a shan gaba.
Amalanken Malam Gambo ya kife a gefen titi,
bijimin hagu bai ƙara jan garma ba.

Jami'in bai ɗaga murya ba.
Ya rubuta suna, ya rubuta lamba,
ya ce: Tuƙin ganganci. Ga tara, ga wa'adi,
ka je banki ka biya, ka kawo rasit.
Ilu ya ce to,
irin to ɗin da yake yi wa Inna.
Da dare na gan ta ninki huɗu,
an cusa ta jikin gilashin ƙofa don ya daina kaɗawa.
Takarda? in ji shi. Ai takarda ba ta da ƙafa.

Ta biyu da ƙafarta ta zo.
Masinjan kotu ne a kan tsohon babur,
ya biya ta gidan mai unguwa, ya sha ruwa,
aka haɗa shi da yaro ya nuna masa zaurenmu.
Ni na karanta, ni ne mai boko a gidan:
sammaci, Talata, ƙarfe tara,
gaban majistare a Ringim.
Ilu ya sa hannu yana tauna goro.
Talata ta zo, ya sami lodin albasa,
ya ce kotu ba ta ruɓewa, albasa na ruɓewa.
An kira sunansa sau uku, in ji wanda ya je,
fankar sama ce kawai ta amsa.

Ta uku ba a ba mutum ita.
Nuna maka ake yi, a mayar aljihu.
Yana teburin mai shayi a tasha, ya tsoma burodi,
mutum biyu suka tsaya a kansa.
Kai ne Iliyasu Bashari?
Alƙali ya sa hannu, ga hatimi,
duk inda aka gan ka, a kawo ka.
Ya ce a bari ya biya yanzu, ga kuɗin.
Suka ce wannan ƙofar ta rufe tun tuni,
yanzu magana ta bar titi.
Shayin ya huce a kofi.
Kamasho ya sauke fasinja, ya zuba su a motar wani.

Kwana biyu ya yi.
Ni na tsaya masa beli, hannuna yana rawa,
Baba ya kai raguna biyu Gujungu, ya dawo da igiya.
Tara ta haihu a hanya,
lasisi ya kwana a durowar kotu,
aka ce maganar bijimi kuma daban take.

Bana Ilu ne ke yi wa Malam Gambo huɗa,
da hannu, kunya bayan kunya.
In mota ta wuce a guje sai ya miƙe,
ya dafa ƙugu, ya bi ta da ido.
Ban san ko tsaki yake yi ko kewa ba.

Motar tana ƙarƙashin darbejiya, kaji na kwana a inuwarta.
Jiya na zaro ta farkon daga jikin gilashi,
ruwa ya ci rabin rubutun.
Abin da ya rage na karanta:
kuɗin bai kai na tunkiya ɗaya ba.