Abin da Gara Ta Rage

Ranar rabon gadon Kawu Ilu
Tanimu ya ɗau garma, Hansatu ta ja tunkiya.
Ni da na iso a makare, da laka har gwiwa,
aka turo mini adaka mai tsatsa.
Na buɗe. Littattafai ne, rabinsu ya zama ƙasa.
Ashe akwai wadda ta riga ni karatu a gidan: gara.

Ta ci bango, ta ci sunan mai littafin.
Ban san garinsu ba, ban san alƙiblarsa ba,
na dai ji a bakinsa ya daɗe a kushewa,
tun Auyo ba ta san injin ban-ruwa ba.
Ga shi yana mini magana kamar mun haɗa akushi,
ba sallama, daga shafi na sha tara.

Shinkafa ta yi nono a fadama,
jan-baki suka sauko kamar hayaƙi.
Na hau rumfar tsaro da gwangwanaye a igiya,
littafi a cinya,
in karanta layi biyu, in ɗaga kai in yi kora.

Ya ce wai abin da kake kwana tsaronsa
shi ne ubangidanka, kai ne bara.
Na ce, tsoho, kai ba ka ci bashin taki ba.
Ba ka san Alhaji Barau da ɗan kundinsa ba,
ba ka san buhu shida da na sa wa hannu
tun iri yana cikin ƙwarya ba.
Mai ƙoshi ne ke raina tuwo.
Na kife shi, na ɗau hoge na jefi tsuntsu.
Kwana biyu ba na kallonsa,
kamar maƙwabcin da muka ɓata a kan kara.

Na uku na koma, don rana doguwa ce.
Sai ga rubutun Kawu a gefen shafin,
jan biro, ƙanana kamar sawun kiyashi:
"Ƙarya ne."
Can ƙasa kuma, da baƙin biro, hannu na rawa:
"Gaskiya ne. Shekarar da Azumi ta rasu na gane."
Igiya ta sulale daga hannuna.
Mutumin da na sani da rediyo da goro
da faɗan a rufe masa kyaure,
ashe shekara talatin yana gardama da matacce
a ɗakin da ke jikin namu,
mu ko tari ba mu ji ba, balle ƙara.

Akwai wani siriri na waƙoƙi a ƙasan adakar.
Wani ne ke sallama da matarsa a bakin ruwa,
ya ce mata, "In na dawo zan…"
sai rami.
Nan gara ta yi kalaci.
Na ɗaga takardar, ta hudar na hango gonata,
da Ladidi tafe a kan kunya da fura a ka.
Na gwada kalma goma in cike gurbin,
kowacce ta yi kaɗan ko ta yi yawa.
Na bar matar a tsaye, har yanzu tana jira.

Da yamma na zaga.
Kusurwar gabas tsuntsu ya share ta tas,
ya kai tiya bakwai in ba a yi ƙarya ba.
Ladidi ta ce, "Barci ka yi?"
Na ce, "Baƙo na yi."
Ta dubi rumfa, ta dube ni, ta ɗau ƙwaryarta,
ba ta tambayi ko wa na tara.

Da dare na ɗora adakar a kan duwatsu huɗu,
na zagaye ta da toka.
Na ari fensirin 'yata Talatu,
a ƙarƙashin hannun Kawu na rubuta:
"Ban yarda ba tukuna. Gambo, kakar bana."
Na bar fili kamar faɗin yatsa uku,
ko wata shekara ta zo ta sa ni in gyara.