Bango na Huɗu

Sun ce gidan babu kowa.
Haka takardar ta ce, mai hatimi biyu,
wadda masinjan magajin garin Marwa ya liƙa ran Talata
a ƙofar tsohon gidan haraji na Funange.
Ba su yi ƙarya ba. Shekara goma sha tara
ba a ƙirga ko dala a cikinsa ba,
sai jemagu da ke fita ƙidayar kansu da magariba.

Da ransa ba mu ƙaunace shi ba.
Ubana ya taɓa kwana a barandarsa
kan kuɗin kai na mutum uku,
alhali ɗayansu ya shekara a kabari.
Sai da gidan ya mutu muka jingina da shi.

Bangonsa na gabas shi ne allona.
Ni na shafe shi da garin batir da ƙaro.
Ajinmu na dare bango uku muka gina,
na huɗun gwamnati ta ara mana ba da saninta ba.
A jikinsa Inna Gwamma mai ƙosai, da furfurarta,
ta fara rubuta sunanta,
ta ja da baya tana kallonsa
kamar ɗan da ya dawo daga Kudu ba zato.

Inuwarsa ta ɗakin shan magani ce.
Asta ungozoma ba ta ɗaura agogo:
in inuwa ta taɓa gindin darbejiya, a fara awo.
Indararonsa ke cika randunan masallaci da damina.
Wayar wutar ƙungiyar teloli
ta kan rufinsa ta bi, a ɓoye, kamar maras gaskiya.
Wa zai rubuta duk wannan a takarda mai hatimi?

Ran Alhamis katafila ta iso.
Da direban ya sauko na gane tafiyarsa:
Jatau ne, wanda ya yi wata huɗu yana juya baƙin "b" baya.
Bai iya haɗa ido da ni ba.
Ya ce, "Malam, ku kwashe benci.
Ni na karanta umarnin da kaina."
Na rasa ko in yi alfahari.

Ya fara ta yamma. Ya yi ta kewaye-kewaye
kamar mai neman hanyar faɗin rasuwa.
Sai la'asar ta kwana na uku
ya taɓa allon,
lissafin daren Laraba na nan ba a goge ba:
bakwai a tara da biyar, babu amsa.

Yanzu rana na shiga ko'ina ba sallama.
Masu ciki na layi da faranti a ka.
Asta ta sayi agogo, tana zaginsa.
Kekunan Sa'adu tela sun koma na ƙafa,
rabin yaransa sun tafi acaɓa.
Ladan na sayen ruwa jarka-jarka,
ga hadari na zuba a banza kan ɓaraguzai.
Jemagun ma sun kai ƙara cikin silin ɗin masallaci.

Ajina ya zama baki mai giɓi.
Mun rataya buhu, iska ta karanta shi kafin mu.

An kafa allo a filin, fari fat, da zanen bene
da ranar da za a gama.
Ɗalibaina na tsayawa su haɗa baƙaƙen a hankali.
Ranar ta wuce tun kakar bara,
wannan ma sun iya karantawa.

Jiya na biya sayen ƙosai.
Cikin duwatsun murhun Inna Gwamma
akwai ɗaya mai baƙar fuska, da ɗan saura na alli.
Ta ga ina kallo, ta gyara itace.
"Nawa ne," in ji ta. "Da sunana a jiki."